Shekarar da Kawu Maina Ya Ƙone Irinsa

Kwanakin baya wasu samari biyu 'yan unguwarmu suka same ni a lambu ina tankaɗe taki. Ɗaya ya ce wai suna so su shiga sana'ar renon iri, don sun lura ba ta da wata wahala: a watsa, a zuba ruwa, bayan wata guda a cire a sayar. Yana faɗa yana danna waya, takalminsa fari tas. Ban yi fushi ba, ni ma da wannan tunanin na shigo. Na ce su ja buhu su zauna, in ba su labarin yadda na koyi aikin, da abin da ya kusa raba ni da shi.

Aikinmu shi ne mu reni jaririn tumatir da tattasai da attaruhu, har ya yi ƙwarin da manomi zai ɗauka ya dasa. Idan ruwan kogi ya fara ja da baya da kaka, fadama ta buɗe, kowa yana gaggawa ya riga wani dashe, saboda wanda ya fara kai kaya kasuwa shi ke cin moriyar shekara. Manomi mai gona babba ba shi da lokacin zama a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba, sai ya bar mana. To ku lura: duk abin da zai same shi a ranin nan, alheri ko akasinsa, daga fangalinka ya ɗauke shi. Fangali shi ne ɗan filin nan mai kunya kewaye da muke shuka a ciki.

Ni da ɗan dako ne a tashar tumatir ta Haɗeja. Shekara goma sha ina ɗora kwando a mota har bayana ya fara yi mini gardama. Sai mahaifiyata ta tura ni wajen ƙaninta, Kawu Maina, wanda tun zamanin da ake ban ruwa da jigo yake renon iri a bakin kogi. Na zo masa da mata da 'ya'ya uku da gemu, amma bai duba wannan ba. Ya miƙa mini rariya ya nuna mini tulin takin awaki. Kaka guda cur ban taɓa iri ba, tankaɗe kawai nake yi, ina tsince tsakuwa da ƙwallon aduwa da awaki suka amayar.

Ranar da ya fara ba ni ban ruwa ba na mantawa da ita. Fangalin attaruhu ne, kwana biyu da shuka. Na ɗebo bokiti na kwara yadda ake kwara wa bishiya. Ruwan ya kwashe irin duka ya tara shi a kusurwa ɗaya. Kawu ya zo ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Sabo," ya ce, "wanka ka yi musu ne, ko kuwa iyo kake koya musu?"

Ya ɗauko wani gwangwanin madara babba da ya huda gindinsa da allurar ɗinkin buhu, ya nuna mini yadda ake riƙe shi ƙasa-ƙasa ana yawo da hannu, ruwa yana sauka kamar yayyafi. Kayan aikinsa ke nan kusan duka: gwangwanin nan, rariya, manjagara mai haƙora shida, 'yar fartanya da ta cinye har ta koma kamar cokali, da igiyar da yake ja ya fitar da layi. Sai farcen babban yatsansa na dama, wanda yake bari ya yi tsawo da gangan. Da shi yake auna zurfin shuka, da shi yake raba tsiron da ya cunkushe, da shi yake juya ganye ya duba bayansa. Na ga masu digiri a aikin gona sun zo da jaka cike da kaya, ba su ga abin da farcen nan yake gani ba.

Masu sayen iri wajen Kawu ba rubuta suna ake yi ba. Idan mutum ya kama fangali, sai ya kafa kara a kusurwa ya ɗaura tsumma, kowa da nasa. Daga ranar fangalin ya zama amana, ko Sarki ya aiko ba a sayar masa. Alhaji Ado, wani babban manomi daga Kafin Hausa, jan ƙyalle yake ɗaurawa, kuma fangali uku yake kamawa duk shekara. Akwai Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya koyar da rabin garin nan lissafi a firamare, da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida ya ari wani yanki a fadama. Shi tsohuwar safa yake ɗaurawa, wai ta fi tsumma jure rana. Saura mutanen Miga ne da na ƙauyukan bakin kogi. Su zo da kansu ranar cira, Kawu ya tsuguna ya juya ganye a gabansu, ya ce, "Ɗauki, na duba." Wannan kalmar suke zuwa saye, in ba haka ba iri ai ko'ina akwai.

Ina shekara ta bakwai tare da shi wata tsutsa ta faɗa wa tumatir. Da bazara ne, zafi ya fara, tumatirin baya yana tsakiyar zuba. Manoma suka fara ganin farin tabo a ganye, kamar an ɗiga ruwan zafi. Cikin mako biyu gonar da take kore shar ta koma kamar wuta ta bi ta kanta. 'Ya'yan kuma kowanne da ɗan rami a kusa da hanci, ka matsa ka ji ya ruɓe. Aka yi feshi da safe, aka yi da yamma, aka haɗa magani uku a famfo ɗaya har masu feshin suna layi. Tsutsa ko a jikinta. Na ga dattijo ya zauna a kunyar gonarsa ya ɗora hannu a ka, tashar da na yi dako a cikinta kuwa ta zama wurin kiwon awaki.

Kowa zaginta yake yi, ban da Kawu. Shi sai ya samo kwalba ya sa ganye mai tabo a ciki, ya toshe da ƙyalle, ya ajiye a ƙarƙashin rumfa yana leƙawa kullum. Bayan kwanaki sai ga wani ɗan malam-buɗe-littafi ya fito, launin toka, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kawu ya raɗa masa 'yar toka. Ya kira ni ya ɗaga wani ganyen saitin rana.

"Duba nan. Ka gan ta?"

Na ganta, 'yar tsutsa siririya, tana cikin ganyen, ba a kansa ba. Ganyen tumatir da bai fi takarda kauri ba, ashe yana da sama da ƙasa, ita kuma ta shiga tsakani ta yi ɗaki tana cin koren, ta bar fatar ta rufe ta.

"Su suna feshi a kan rufi, ita tana ɗaki tana cin abinci," in ji Kawu, yana murmushi kamar wanda ya ga gwanin kokawa. "Subhanallahi. Wannan ƙaramar halitta ta fi mu dabara."

A hankali ya gane sauran halinta. Uwar ba ta yawo da rana, tana lafewa a ƙarƙashin ganye, sai magariba ta gabato take tashi. Ƙwanta a bayan ganye take manna shi, ɗaya-ɗaya, ƙanana har sai mai ido ya yi da gaske. Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta sauka ta naɗe kanta a ƙasa, ko a busasshen ganye, ko a duk wani lungu da ta samu, ta yi kwanaki ta fito da fiffike. Har yau ina jin haushinta, amma ba na raina ta. Abin da ya durƙusar da fadama guda ba tare da an ji ko motsinsa ba, ai ya isa a sara masa.

Damina ta wuce, ruwa ya rufe gonakin da suka lalace, mutane suka ce ambaliya ta tafi da ita. Da kaka ta yi, manoma suka dawo wajen Kawu da yunwar shekara guda a idonsu. Fangali goma sha biyu muka shuka na tumatir, duka aka ɗaura musu tsumma kafin su tsiro. Kwana biyu da tsirowa aka aiko cewa yayan Kawu ya rasu a wajen Baturiya. Zai tafi ya yi kwana goma sha, ya bar mini umarni ɗaya: in yanko kacala in yi wa kowane fangali inuwa.

Kacala ita ce doguwar ciyawar nan da ta toshe mana rabin hanyoyin ruwa. Amfaninta ɗaya a wajenmu, in an shimfiɗa ta a kan 'yan sanduna tana tare wa jaririn iri rana. Amma yanko ta aiki ne. Ka shiga ruwa har ƙugu, ganyen yana yanka maka hannu, matsattsaku suna manne maka a ƙauri. Na yi fangali takwas cikin kwana biyu, ƙafafuna duk jini. Saura huɗu. Sai na tuna tsofaffin abokaina na tasha. A lokacin ana kawo tumatirin damina daga wasu garuruwa, kwandunan da suka fashe ana jibge su a bayan rumfa ba mai so. Na ɗebo amalanke guda kyauta, na tsaga su biyu-biyu na kifa a kan fangali huɗun. Inuwa ta yi kyau, iska tana shiga ta saƙar. Har busasshen ganyen da ke maƙale a gindinsu ban kakkaɓe ba. Na koma gida ina yaba wa kaina, ina cewa tsofaffi suna wahalar da kansu ne kawai don ba su san gari ba.

Kafin Kawu ya dawo lokacin cire inuwa ya yi, na kwashe kacalar da kwandunan duka na zubar. Ya zo ya zagaya, ya ce madalla.

Ranar da iri ya kwana ashirin da biyu, na zo da sassafe gari ya fara haske, na tsuguna a fangalin Malam Bitrus zan cire ciyawa. Sai na ga farin tabo a ganyen ƙasa. Na ɗaga shi saitin gabas. Tana ciki. Na duba na kusa, akwai. Na bi fangali huɗun nan, babu wanda ya tsira. Ban buƙaci kowa ya gaya mini daga ina ta zo ba. A cikin saƙar kwandon nan ta yi kwanciyarta, ni na ɗauko ta a amalanke na kawo ta har gida, na kuma yi mata rumfa.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin kunyar. Saura kwana shida a fara cira. Na ce a raina, in na tsinke ganyen da ke da tabo, wa zai sani? Na bi su ɗaya-ɗaya ina tsinkewa ina cusawa a aljihu. Washegari na riga Kawu zuwa na sake yi. Rana ta uku ina cikin yi sai na ji tarinsa a bayana.

Ya wuce fangalin farko, ya tsuguna, ya wuce na biyu. Da ya zo na tara ya daɗe. Ya kama tsiro ɗaya ya bi jikinsa da farce.

"Sabo, iri mai kwana ashirin da huɗu ganye nawa yake da shi?"

"Huɗu, Kawu. Wani biyar."

"Wannan biyu gare shi. Awaki sun shigo ne?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Awakin da suke zaɓar ganyen ƙasa su bar na sama. Miƙo hannunka."

Na miƙa. Yatsuna kore shar, warin ganyen tumatir kuwa ko sabulu ba ya fitar da shi da wuri. Ya ce in juye aljihuna. Na juye, ganye ya zubo a gabansa. Nan na gaya masa komai, da kwandunan da matsattsakun. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Kwandon kuskure ne. Aljihun nan fa?"

Na ce mu cire huɗun mu ƙone, takwas ɗin ai lafiyarsu ƙalau. Ya tashi ya je fangalin da ya fi nisa, na Alhaji Ado, kore shar ba tabo ko ɗaya. Ya shafa tafin hannunsa a kan tsiron a hankali. 'Yan toka biyu suka tashi, suka yi ɗan shawagi suka sake lafewa. Ya juya ganye ya nuna mini wani ɗigo da ni ban isa in gani ba sai da ya sa farce a gefensa.

"Ka tsinke wadda ka gani. Wadda ba ta ƙyanƙyashe ba fa? Duka za su tafi."

Ya kwance tsummokaran nan goma sha biyu da hannunsa ya zuba mini a hula. Ya ce in kai wa kowa nasa har gida, in faɗa masa da bakina abin da ya faru, kada wani ya ci gaba da jiƙa gona yana jiran irin da ba zai zo ba. Wanda zai iya jiran wata guda, ya dawo da tsummansa.

Wata guda a sana'ar nan ba wasa ba ne. Wanda ya yi dashe a makare, tumatirinsa zai nuna lokacin da kasuwa ta cika, ana roƙon mutane su ɗauka. Kuma mutanen nan bara ba su ga komai ba.

Alhaji Ado bai bari na gama magana ba. Ya sa ni a motarsa muka taho lambu. Ya tarar Kawu ya haƙa rami yana jera busasshiyar kacala a ciki. Ya je ya duba fangalinsa uku, ya dawo.

"Baba Maina, wannan irin ai ya fi na bara kyau. Ni ban ga komai ba."

"Ba za ka gani ba, Alhaji, sai ka dasa."

"To ka ba ni abina, ni na ji na gani. Ina da magani buhu-buhu. In ta ci, ni ta ci."

"Da kai kaɗai za ta ci, da na ba ka. Gonarka tana da katanga ne? Maƙwabtanka su ma sun ce sun ji sun gani?"

"Shekara goma sha biyar ina saye a wajenka!"

"Shi ya sa."

Alhaji ya jefar da jan ƙyallensa a ƙasa ya shiga mota. Bai sake taka lambunmu ba har Kawu ya bar duniya. Ya sayi iri a wani wuri, kuma in faɗi gaskiya gonarsa ta yi kyau a shekarar, ya riga kowa kasuwa. Kawu da ya ji ya ce Allah ya ƙara.

Malam Bitrus na same shi a gonarsa ya gama fitar da kunya, wandonsa a naɗe. Na miƙa masa safarsa na faɗa masa komai, har da aljihun. Ya cire tabarau ya goge.

"Malam Sabo, Baba ne ya kama ka, ko kai ka faɗa?"

"Shi ya kama ni, Malam."

"To. Na yi shekara talatin ina kama yara da satar amsa, ban taɓa ganin wanda aka aiko ya kawo mini takardar da kansa ba." Ya dubi gonar da ya jiƙa, ya yi ajiyar zuciya. "Madam za ta yi faɗa. Mayar da safar ka ɗaura."

Da la'asar muka tuge fangali goma sha biyu muka zuba a rami. Ɗanyen iri ba ya son kamawa, hayaƙi kawai yake yi, sai da muka yi ta ƙara kara. Kawu da kansa ya ƙyasta ashanar. Ni kuwa na yi kuka, ba na ɓoyewa, ƙato da gemu a gaban kawunsa. Tsiron nan tun suna kamar gashi nake ba su ruwa da gwangwani.

Mutum biyar suka dawo da tsummansu cikin goma. Muka tashi daga wurin gaba ɗaya muka koma wani tudu can gaba, muka ƙona ƙaiƙayi a kan ƙasar kafin mu shuka. Kawu ya sa aka tattaro gidajen sauro daga gidansa da nawa, aka ɗinke ramukan, muka kafa a kan kowane fangali muka danne gefen da ƙasa. Mutane suna wucewa suna dariya, wai Maina ya sa tumatir a lalle. Iyalina kuwa sauro ya sha jininsu wata guda, matata ba ta bar ni na manta ba.

Duk tsawon watan Kawu bai yi mini magana ba sai ta aiki. Ban san ko zai riƙe ni ko zai sallame ni in an gama ba, kuma ban da fuskar tambaya. Abin da ya ɗora mini shi ne kullum da safe in shiga ƙarƙashin gidan sauron a durƙushe, in juya ganye ɗaya-ɗaya, fangali bakwai, don ya ƙara biyu ko wani zai zo. Yana zaune a bakin rumfa yana gyaran igiya, ba ya ko kallona. Sau biyu na sami ƙwai a inda gidan sauron ya ɗage. Sau biyun na kai masa ganyen a tafin hannu, ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce in tuge tsiron da na kewaye da shi. Na bar farcena ya yi tsawo ba tare da na yi niyya ba.

Ranar cira Malam Bitrus ne ya fara zuwa, da kwali a bayan keke. Na yaye gidan sauron, na jiƙa fangalin don saiwa ta fito ba tsinkewa, na ja gefe ina jira Kawu ya zo ya tsuguna. Bai tashi daga inda yake ba.

"Ɗauki, Malam," ya ce.

Malam Bitrus ya dube ni, ya dubi tsohon. "Baba, ba ka duba ba."

"Sabo ya duba."

"Sabon da ya..." Malam bai ƙarasa ba.

"Shi fa. Ni na san inda tsutsa take ɓuya. Shi ya san wannan, ya kuma san inda mutum yake ɓoye ta. Yanzu ya fi ni ido." Ya ci gaba da murza igiyarsa. "Sabo, faɗa masa mana, rana tana yi."

Na tsuguna na juya ganye uku a gaban Malam. Sannan na ɗago na ce masa:

"Ɗauki, Malam. Na duba."